Nishin da Yatsa Ya Danne

Mutane da yawa ba su san fuskarsa ba, amma da wuya ka sami kunnen da bai san muryarsa ba. In ka shiga shagon aski, ita ce. In ka zauna a bayan mota, wayar na kusa da kai ita take yi. In ka bi ta gindin famfo ka ga yara sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, ita ce dai. Shi ne mai fassara fina-finan ƙasashen waje, irin waɗanda ake dambe da harbe-harbe tun daga farko har ƙarshe. Sunansa na yanka kuwa ya daɗe da ɓacewa. Kowa Shafa-ce yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci.

Ga inda sunan ya samo asali. Duk sanda jarumin fim ya rafka wa wani ƙato ƙarfe a ka, ko ya ɗaga shi ya maka da bango, sai mai fassara ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ja murya ya ce, "Haba, wannan ai shafa ce!" Masu kallo su tuntsire da dariya har wasu na riƙe ciki. Sannu a hankali kalmar ta fita daga fim ta shiga gari. Direba ya gogi motar wani, shafa ce. Rana ta ƙwalle har kwalta na narkewa, shafa ce. Shi kuwa in ya ji ta a bakin wanda bai san shi ba, sai ya gyara wuyan riga ya wuce, kansa na ƙara girma.

Ɗan mai gyaran keke ne. Makaranta ba ta karɓe shi ba, shi ma bai matsa mata ba. Tun yana yaro a layin baya na gidan kallo yake wuni, abokansa na zungurinsa suna cewa, "Me ya ce? Me ta ce?" Ko kalma ɗaya ta harshen mutanen fim ba ya ji, amma yana karanta gira da leɓe da yadda mutum ya ajiye kofi, sai ya ƙera musu magana a take, kuma ta zauna daram. Mahaifinsa yakan dube shi ya girgiza kai ya ce, "Wannan bakin naka, ko ya ciyar da kai ko ya ja maka duka." Bakin ya yi masa duka biyun. Ya yi yaron mota, ya yi tallan maganin ciwon baya da lasifika a kasuwa, har ranar da wani mai ɗakin ɗaukar murya ya ji shi yana kwaikwayon tsohuwa da jikanta a lokaci guda, ya ce masa ya zo gobe.

Ɗakin a bayan wani shagon sayar da wayoyi yake, kuma kiransa studiyo ma alfarma ce. An lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai don kada hayaniyar titi ta shigo. Akwai fanka, amma ba a kunna ta in ana ɗaukar murya, saboda haka mutum yakan fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga randa. Makirfon an sa masa safa ƙafa ɗaya don ta tare hucin baki. A kan teburi akwai kwamfuta, da wata 'yar na'ura mai maɓalli da ake turawa sama ko a ja ƙasa, kuma wannan maɓalli shi ne rabin sana'ar. In mai fassara zai yi magana, sai ya ja shi ƙasa da babban yatsa, sautin fim na asali ya nutse, muryarsa ta hau kai. In ya gama ya tura shi sama, kiɗa da ƙarar bindiga su dawo. Shekara da shekaru yatsan Shafa-ce na wannan sauka da hawa, har fentin wurin ya goge, har ya zama ba ya sanin sanda yake yi.

A gida kuwa matarsa tela ce, keken ɗinkinta a baranda yake, kuma ita ce mai ƙarancin magana a gidan, don ba a bar mata fili ba. 'Ya'yansu biyu. Babbar yarinya ce 'yar firamare, ana ce mata Aku, saboda ba abin da zai wuce ta kunnenta bai fito ta bakinta ba. Tana kwaikwayon tarin mai gidan haya, tana yin cinikin maƙwabciyarsu, amma gwanintarta ita ce muryar ubanta. Ƙaramin shi ne Auta, bai shiga makaranta ba tukuna, aikinsa a duniya bin yayarsa. In ta ce gabas, gabas. In ta ce ya zama doki, ya durƙusa.

Shafa-ce ba ya ɓoye alfaharinsa da Aku. Baƙo na zama zai ce, "Aku, yi musu Baba." Ita kuma ta ɗaga haɓa, ta yi dariyar hanci, ta saki kalmar, ɗaki ya kaure. Matar ta sha cewa, "Baban Aku, waɗannan fina-finan fa ba na yara ba ne." Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum.

"Maman Aku, ai ba jini suke kallo ba, dariya suke yi. Ni na riga na cire musu dafin."

Da zuciya ɗaya ya yarda da wannan magana. Gani yake duka in an lulluɓe shi da barkwanci ya tashi daga duka.

Wata ranar da ba ya aiki, da yamma, yana tsugune yana gyara wa matar bel ɗin keken ɗinki, yaran na wasan fim a tsakar gida. Aku ce jaruma, kamar kullum. Auta kuwa mai gadin gidan mugu ne, wanda ba shi da aiki sai faɗuwa. Fim ɗin da suka haddace a wannan makon akwai wurin da jarumi ya ɗauki kujera ya sauke wa mai gadi a ka. Aku ta waiga ta ga 'yar kujerar katako da uwarta ke ɗora ƙafa, ta ɗauka da hannu biyu.

Ƙarar ce ta sa uban ya ɗago. Ba irin ƙarar fim ba ce, ƙarama ce, busasshiya. Ya ga Auta zaune a ƙasa, hannu a goshi, jini na bi ta tsakanin 'yan yatsunsa yana shiga ido. Yaron ya buɗe baki da farko ba sauti, sannan kukan ya zo, yana kira, "Yaya! Yaya!" A kan wannan kukan, da muryar da ba ta da maraba da tasa, da dariyar hancin da komai, Aku ta ce, "Haba, wannan ai shafa ce!" Da ta ga bai tashi ba, ta zungure shi da ƙafa.

"Tashi mana, ai an wuce wannan wurin."

A asibitin unguwa aka yi wa Auta ɗinki a saman gira. Uwar, da take wuni da allura a hannu, ta kasa kallon wannan, ta juya wa gadon baya tana kuka. Shafa-ce ne ya riƙe ƙafafun yaron yana ba shi haƙuri. Ma'aikaciyar jinyar, wata mai fara'a, ta tsaya da zare a hannu ta dube shi.

"Wannan muryar na san ta. Ba kai ne mai fassara ba?"

Ya ce shi ne. Ta yi murmushi har kunne, ta sunkuya ga yaron da nufin rarrashi ta ce, "Yi shiru, ɗan Baba, wannan ai shafa ce." Ba ta yi don mugunta ba. Amma a ranar ya fara jin kalmar kamar an watsa masa ruwan wanke-wanke a fuska, kuma ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Da suka dawo, uwar ta zare bel ɗin keken da bai gama gyarawa ba ta nufi Aku. Ya tare ta.

"Matsa, Shafa-ce," ta ce. Ya san in ta kira shi haka ba sauƙi.

"Duka ya kawo mu nan. Za ki ƙara wani?"

Ta yi jifa da bel ɗin. "To da ma ba ita ya kamata in daka ba. Ba ita ta faɗa ba, kai ka faɗa. Bakinta kawai ka ara."

Ya jawo Aku gefe ya zaunar da ita. Idonta a bushe yake ƙayau, ta ɗaure fuska irin ta wanda aka zalunta.

"Aku, ba ki ji kukan ƙanenki ba?"

"Ya cika raki ne, Baba. A fim har da ƙarfe ake buga musu, kuma ba sa kuka."

"Suna yi."

"Ba sa yi. Ni ban taɓa ji ba."

Yarinyar ba ƙarya take yi ba. Ya dubi babban yatsansa, wanda ya yi kanta a gefe ɗaya.

Washegari ya riga kowa zuwa studiyo. Ya nemo fim ɗin nan na asali, wanda ba a ɗora masa murya ba, ya kai shi wurin kujera, ya tura maɓalli sama, ya janye hannunsa. Kujerar ta sauka. Mai gadin ya faɗi, sai ga nishi, dogon nishi mai karyewa a tsakiya, irin na wanda numfashi ke neman gagara. Mutumin ya ja jiki a ƙasa, ya kira wata kalma sau biyu. Duk wannan yana cikin fim ɗin tun farko. Masu yin fim ɗin, da duk rashin imaninsu, sun bar wa mai gadi kukansa. Shi ne ya zo ya danne, ya ɗora dariya a kai. Ya buɗe wani fim, haka. Ya buɗe wani, haka. Ashe duk tsawon shekarun nan ba dafin yake cirewa ba, ɗacin yake cirewa, don a haɗiye da daɗi.

Matar ta yanke nata hukuncin: ba fim a gidan nan daga yau. Ya yarda, amma ya san ba za ta fisshe su ba. Muryarsa na cikin wayar maƙwabta, tana shagon aski na bakin layi, tana gindin famfo inda Aku ke ɗebo ruwa. Ba yadda za a yi a kulle wa yarinya ƙofa a kan muryar ubanta. In gyara za a yi, a inda muryar ke fitowa za a yi shi. Ya ƙudurta a ransa cewa daga ranar, duk wanda aka buga a fim ɗin da ya fassara, za a ji kukansa.

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Yatsan ya saba, ba ya neman izini. Da an ɗaga sanda sai ya ja maɓalli ƙasa shi kaɗai, kalmar kuma ta taso har bakin haƙora. Ya tsayar, ya koma baya, ya sake. Ya zauna a kan hannunsa, hannun ya zame. Daga ƙarshe ya ɗebo ƙyalle daga kwandon matarsa ya naɗe yatsan ya zama ƙaton dunƙule, yadda ko ya kai ga maɓallin ba zai kama ba. Haka ya wuni cikin zafi, gumi na ɗiga a kan teburi, ƙato da shi yana kokawa da yatsansa. Aikin da yakan gama kafin azahar ya kai shi yamma, amma ya gama.

Mai studiyo ya saurari sabon aikin, kansa a sunkuye. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya faɗa sai dai ya yi ta shafa gemu.

"Shafa-ce, na'urar ce ta lalace, ko kai ne ba ka da lafiya?"

"Lafiyata lau, Yallaɓai. Haka zan riƙa yi."

"Ina kalmar?"

"Na ajiye ta."

Mai studiyo ya shafa gemu. "Ka san mutanen da ke sauraronka. Mutum ya wuni yana dako, ko yana tuƙi, ko yana tsaye a rana. Ya dawo gida ya kunna waya. Dariya yake nema, ba nishin wani ba. Nasa nishin ya ishe shi."

"Dariya tana nan, Yallaɓai. Zan ba su a wurin cin abinci, zan ba su in mugu na cika baki, zan ba su in jarumi ya je zance ya rasa ta cewa. Amma in mutum ya faɗi, a bar shi ya yi kukansa."

"Fim ne fa. Wannan mai gadin da kake tausayi, ana gamawa ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi gidansa."

"Na sani. Kai ma ka sani. 'Yata ce ba ta sani ba."

Mai studiyo ya ji labarin Auta, ya jajanta ƙwarai, har ya ce a gaishe da mai jiki. Sai dai jaje daban, kasuwa daban. Aka fitar da fim ɗin, ba a yi kwana nawa ba masu tura fina-finai a waya suka fara aiko da ƙorafi. Wasu suka ce sautin ya lalace. Wasu suka ce an canza mai fassara, wannan na yanzu ba shi da jini a jika. Mai aski na bakin layi ya tare shi ya ce, "Malam, me ka yi mana? Jiya ana dukan wani a fim, shagona ya yi tsit kamar gidan makoki. Wani ma cewa ya yi in kashe, wai ya tuna masa ranar da 'yan fashi suka tare su." Shafa-ce ya ce, "To madalla." Mai aski ya bi shi da kallo, ya ɗauka zafin studiyo ya fara taɓa masa kai.

Mai studiyo ya ba shi zaɓi, cikin lalama: ko ya dawo da kalmar, ko a nemo mai faɗarta. Ya ce a nemo. Aka kuwa samo wani mai tallan takalma da ya iya kwaikwayonsa, aka damƙa masa duk fina-finan faɗa. Wannan bawan Allah ba ya ko jira a yi dukan, da an harari mutum zai ce shafa ce. Shi kuwa asalin mai kalmar aka tura masa fina-finan soyayya da dogayen labaran rikicin gado, waɗanda a da yake cewa na masu jin barci ne. Abin ya yi masa ciwo, ba a ɓoyewa. Yakan wuce shagon aski ya ji dariyarsa ta hanci a hancin wani, ya ji kamar ya ga rigarsa a jikin ɓarawo. Ya gane cewa kalmar ta fi ƙarfinsa, ba zai iya kiranta ta dawo ba. Amma bai ja da baya ba. Ko a fim ɗin soyayya aka mari wata, sai ya ɗaga yatsa a ji kukanta. In an kira shi a titi, "Shafa-ce!" sai ya tsaya ya juyo ya ce, "Duka ne." Mutane suka ɗauka sabon barkwanci ne, suka yi ta dariya. Ya bar su suna dariyar, gobe ma ya sake faɗa.

Duk wannan bai dame shi kamar abin da ke cikin gidansa ba. An cire wa Auta zare, tabo ya zauna a saman gira. Yaron ya daina bin yayarsa. In ta nufo shi sai ya kare kai da hannu ya laɓe bayan keken ɗinki. Aku kuwa, maimakon ta yi laushi, sai ta ƙara tauri. An sa ta ta ce masa sannu, ta faɗa kamar mai karanta haddar makaranta, idonta a bango. In an tayar da maganar sai ta ce, "Ni wasa nake yi. Shi ne ya ɓata wasan." Ta daina kwaikwayon kowa. Uban yakan zauna yana kallonta tana cin abinci ita kaɗai, tsoro na cin zuciyarsa. Ba ya tsoron wai 'yarsa muguwa ce, ya san ba haka ba ne. Tsoronsa kada ta girma a haka, kukan mutum na shiga kunnenta ba ya isa ciki.

Sai ya roƙi mai studiyo alfarma ɗaya, a bar shi ya sake fassara tsohon fim ɗin nan na kujera.

"Wa zai saya? Kowa ya gani."

"Ba na sayarwa ba ne. Mai kallo ɗaya gare shi."

Mai studiyo ya shafa gemu ya ce in ba aiki, ɗaki nasa ne.

Ranar da ya kawo shi gida a waya, matar ta tsayar da keke ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban Aku, ciwon da fim ya jawo, fim za ka kawo ya warkar?"

"Ba duka za ta kalla ba. Wuri ɗaya ne, kuma ta riga ta haddace shi. Abin da na ɓoye mata kawai zan mayar mata."

Ta janye ƙafarta daga kan keken. Wannan ita ce amincewarta.

Ya kira Aku ta zauna kusa da shi a bakin baranda. Auta na can bayan uwarsa yana wasa da murfin kwalba. Da fim ɗin ya fara, fuskar yarinyar ta ɗan saki, karo na farko cikin kwanaki. Leɓenta na motsi tare da muryar ubanta, don ta san kowace kalma. Jarumi ya haura katanga. Mai gadi ya juyo. Jarumi ya ɗauki kujera. Aku ta ɗaga haɓa, ta ja numfashi, bakinta a buɗe yana jiran kalmar.

Kalmar ba ta zo ba. Kujerar ta sauka, sai nishin ya cika barandar, dogo, mai karyewa a tsakiya. Mutumin ya ja jiki a ƙasa. Aku ta dubi ubanta, tana jira ya yi magana ya rufe abin, kamar yadda ya saba. Ya ɗora hannunsa a gwiwa, ya ƙi. Mutumin ya kira kalmar nan tasa sau biyu.

"Baba, ya lalace ne?"

"Bai lalace ba. Haka yake tun farko. Ni nake rufewa."

Ta sake duban wayar. Muryarta ta yi ƙasa. "Me yake cewa?"

Shafa-ce ya yi shekaru yana ƙera wa mutanen fim maganar da ba su faɗa ba, amma wannan ba ta bukatar ƙira. "Mamarsa yake kira."

Ta ce a mayar baya, ya mayar. Ta saurara har ƙarshe, hannunta na murza bakin rigarta. Sannan ta miƙe a hankali ta zagaya bayan keken. Auta na ganinta ya ɗaga hannu ya kare kai. Ta tsaya cak, kamar yau ta fara ganin wannan hannun. Ta durƙusa nesa kaɗan da shi.

"Auta, da zafi?"

Ya leƙo ta ƙarƙashin hannunsa. "Da zafi sosai."

"Kai ma Mama ka kira?"

Yaron ya yi tunani irin na yara, da gaske, yana tuno ranar. Ya girgiza kai.

"A'a. Ke na kira. Na ce Yaya, Yaya. Ba ki ji ba, kina yin Baba."

Kukan da Aku ta saki ba irin na wanda aka daka ba ne. Daga can ƙasa ya taso, ya girgiza ta duka, har ta kifa goshi a kan gwiwar ƙanenta. Auta ya rikice, ya sauke hannun da ya kare kai da shi ya ɗora a kanta yana cewa, "Yi shiru, Yaya." Uwar ta yunƙura za ta ɗauke ta ta rarrashe ta, ta riga ta fara cewa ya isa, ba komai. Shafa-ce ya riƙe mata hannu. Nasa idon ma ya cika.

"Bar ta, Maman Aku," ya ce. "Kada ki danne. Bari a ji."